Masu ƙirga tsuntsaye a dajin Amurum

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Manyanmu sun san lokacin da take cika rufin rumfunan kasuwa, sai an kore ta da sanda. Yau a garuruwa da yawa yaro zai kai shekara goma bai taɓa sa ta a ido ba. Kuma babu mai iya cewa ga ranar da ta tafi, don a hankali ta riƙa raguwa, mu kuwa ba ƙirgawa muke yi ba.

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, shi ya ƙirga. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana rubuta duk ungulu da shaho da mikiyar da ya gani. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, sai ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da ba gandun daji ba. Ba don littafinsa na farko ba, da sai dai a yi ta musu, wannan ya ce da akwai, wancan ya ce dama can haka take. A 2015 aka sa ungulunmu ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Irin wannan aiki ake yi a ƙauyen Laminga, kusa da Jos, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a 2001, tare da Jami'ar Jos da mutanen ƙauyen. Dajin Amurum da cibiyar ke ciki bai wuce hekta 300 ba, amma an rubuta nau'in tsuntsaye kusan 300 a cikinsa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin baiwar Allah, mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi.

Tun da asuba ake kafa raga mai laushi. Tsuntsun da ya faɗa a ciro shi da lallami, a auna fiffikensa da nauyinsa, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Wasunsu baƙi ne, daga Turai suke tsallako Sahara su yi rani a wurinmu. Sai a dawo wuri guda, a kafa ragar yadda aka saba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Aikin ba shi da armashi ga mai kallo, amma ni ina ganin girman masu yin sa, don daga littafinsu ake gane ko sare itatuwa da canjin damina sun fara taɓa daji.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin bincike yakan zo na shekara biyu ko uku, alhali wannan ƙidaya shekaru talatin take so. In aka tsallake shekara, ba a komawa a ƙirga tsuntsayen bara. Ina roƙon gwamnatocinmu da jami'o'i da masu hannu da shuni su ware kaso tsayayye duk shekara, na raga da zobe da albashin matasan da ke fita cikin sanyin Jos kafin gari ya waye.