Na'urar sanyaya ɗaki a jirgin ruwa: a bar ta ko a cire ta?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A ce mutum ya sayi jirgin ruwa na hannu, irin ɗan madaidaicin nan mai tsawon mita 10 da ake kwana a ciki. Ya ɗaga katifar benci, sai ga na'urar sanyaya ɗaki a ƙasa, ta yi shekaru ba wanda ya kunna ta. Masu jirage a Amurka da Turai sun sha yin gardama a kan wannan: a ƙyale ta, ko a tumɓuke ta?

Kafin a yanke hukunci, ku dubi yadda take aiki. Ta gida, iska ce ke kwashe zafi daga akwatin da ke waje. Ta jirgi kuwa ruwan teku take sha. An huda rami a cikin jirgin, can ƙarƙashin ruwa, an ɗaura masa bawul na tagulla. Daga bawul tiyo ya tafi matata, daga matata zuwa famfo, famfo ya tura ruwan ya ratsa na'urar, ya kwashi zafi, ya fita ta gefen jirgi.

Wannan ramin shi ne abin da ya fi damuna. Na'urar da aka daina amfani da ita ba wanda ke leƙa ta. Ku kalli maƙalar ƙarfen da ke riƙe da tiyon nan: tsatsa ta cinye ta, saura ƙiris. Tiyon ya bushe, ya fara tsagewa a bakinsa. Hannun bawul ya sandare a buɗe, gishiri da 'yan halittun teku masu ɓawo sun cika maƙogwaronsa. Ranar da tiyon ya suɓuce, teku ne zai shigo, kuma sau da yawa mai jirgin yana gida yana barci.

Sai batun wuta. Na'ura mai ƙarfin BTU 16,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), wadda ake yawan sa wa jirgi irin wannan, tana jan ampiya goma da 'yan kai a wutar bolt 115, kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin haka. Ke nan sai an jona da wutar tashar jiragen ruwa, ko a tayar da janareta. Wanda ke kwana a tsakiyar ruwa kan anga, da batir na gargajiya, ba zai more ta ba. Ga nauyi, ga bututun iska da suka cinye ma'ajiyar kaya.

To amma kada a yi gaggawa. Jirgin da ke zaune a Florida ko gaɓar Tekun Meziko, inda zafi da gumi ke hana barci a watan Agusta, mai saye zai fara da tambayar na'urar, kuma sa sabuwa daga farko kan ci dubban daloli. Yawancin na'urorin ma suna juyawa su ɗumama ɗaki lokacin sanyi, muddin ruwan bai sauka ƙasa da digiri 5 ko makamancin haka ba. A Scotland kuwa, da wuya a sami wanda zai yi kewarta.

Ni shawarata, a fara karanta takardar da ke manne a jikinta. In an rubuta R-22, tsohon gas ne mai lalata rufin ozon na sararin samaniya, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka yi ta janye shi, har Amurka ta hana sarrafa shi da shigo da shi daga 1 ga Janairun 2020. Irin wannan in tana yoyo, gyaranta asarar kuɗi ne. In kuwa R-410A ce, wato gas ɗin da ya maye gurbinsa, ta tashi, ta yi sanyi, kuma jirgin na kwana kusa da wuta, a bar ta, amma da sharaɗi: a riƙa kunna ta kowane wata, a wanke matata, a sa maƙala biyu a bakin kowane tiyo, a share tiren da ruwa ke taruwa don gudun funfuna, a rufe bawul duk lokacin da za a bar jirgin. A kuma ɗaure turken katako na toshe rami kusa da ramin saboda ko-ta-kwana.

In cirewa za a yi, kada a yanke bututun gas. A Amurka sakin sa cikin iska laifi ne a doka, kuma na'urar da take dunƙule ɗaya ana iya fitar da ita a rufe. A cire wayarta tun daga allon wuta, a rubuta mata suna. Bututun iska ana iya barin su don mai saye na gaba. Ramin kuwa, ko a mayar da shi na famfon wanke saman jirgi, ko a rufe bawul a ɗaura masa murfin tagulla mai zare, sannan ranar da aka fitar da jirgin kan tudu a cire bawul ɗin gaba ɗaya a liƙe wurin da faibagilas.