Darasin Girki: Zaɓen Eya Firaya da Yadda Ake Aiki da Ita

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ga mu a kicin, ga kuma wannan baƙar tukunyar lantarkin a gabana, wadda ake kira eya firaya, wato mai suya da iska. Tun ranar da kuka hango ta a bayana tambayoyi ba su tsaya ba. Wata ta ce, Hajiya, da gaske ba ta shan mai? Wata ta ce za ta yi ƙosai? Wata amarya kuma ta ce ana haɗa mata kayan kicin, wace iri za ta ce a saya? To, ku gyara zama. Zan ɗora kaza da dankali, muna yi muna hira.

Sunan nan ne ya fara rikita mutane. Mu suyar da muka sani ita ce a zuba mai a kasko, ya yi zafi, a tsoma abu ya nutse. Wannan ba ta nutsar da komai. Bari in zare kwandon in karkato muku ita. Auta, matso da wayar nan kusa. Kun ga wannan ƙarfen da ya naɗe a sama kamar maganin sauro na kunnawa? Shi ne yake yin ja ya ba da zafi. A bayansa akwai fanka mai ƙarfi, tana kaɗo zafin ƙasa, iskar ta bi ta ramukan kwandon ta zagaye abincin ta ko'ina. Ruwan da ke jikin abincin ya bushe da sauri, bayansa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Ke nan obin ce ƙarama mai fanka, gashi take yi mai kama da suya. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ita a wani baje koli a birnin Balin na Jamus a shekarar 2010, daga nan kowane kamfani ya yi tasa. Idan kika riƙe a ranki cewa obin ce, rabin kuskuren da ake yi da ita kin tsallake shi.

Bari in kunna ta ta yi zafi na minti 3 kafin mu zuba komai. Kun ji ƙarar? Fankar ce, ba lalacewa ta yi ba.

Maganar saye. Kafin ki kalli launi ko kyau, juya ta ki karanta takardar da ke manne a ƙasanta ko a bayanta. Abu biyu za ki nema. Na farko ƙarfin wutar da take karɓa. Tamu a nan volt 220 zuwa 240 ce, haka ta Ingila da sauran Turai. Ta Amurka kuwa 110 zuwa 120 ce. Wata 'yar uwata aka aiko mata da ita daga can, sabuwa fil a kwali, murna ta hana ta karanta komai, ta nemo abin jonawa ta soka a bango. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ƙauri da hayaƙi, shi ke nan. Masu sayen na hannu, waɗanda ake shigowa da su, ku fi kowa kula da wannan.

Na biyu shi ne wat, wato yawan wutar da take ja. Yawancinsu daga 1200 zuwa 1800 suke, manyan masu kwando biyu suna haura 2000. Wannan ba wasa ba ne, sahun dutsen guga da butar lantarki take. Ƙaramin janareton nan da ke ɗaukar fitila da fanka da talabijin bai kai wat 1000 ba, kina jona ta zai shaƙe ya mutu. Mai sola ko inbata, ki tambayi wanda ya haɗa muku kafin ki fitar da kuɗinki. Kuma a soket ɗin bango ake jona ta kai tsaye. Wayar jonin nan mai araha da ake cusa wa caja biyar, zafi take ɗauka har ta narke.

Sai dai kada lissafin mita ya tsorata ki. Mai wat 1500 idan ta yi aikin minti 20, rabin yunit ta ci, sau da yawa ma bai kai ba, domin ƙarfen yana kamawa yana saki ne idan zafi ya kai inda aka sa shi. Ki auna wannan da kuɗin kwalbar man gyaɗa da na gas, ki ga wanne ya fi miki. Amma gaskiya ɗaya ce, idan unguwarku sai a kwana biyu ba a ga wuta ba, kuma babu babban janareto, to adon kanta za ki saya. Gara ki sa kuɗin a wani abin.

To ta yi zafi. Ga cinyoyin kaza guda huɗu, kazar gidan gona ce. Na jiƙa su tun safe da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kori da gishiri da dunƙule. Ku duba, na sa tsumma mai tsabta na goge ruwan jikin fatar, domin jiƙaƙƙen abu turara yake yi, ba ya yin ja. Mai kuwa cokali ɗaya na shafa musu da hannu, su duka huɗun. Ina jera su, fata tana kallon ƙasa tukuna, kowace da ɗan fili tsakaninta da 'yar uwarta. Digiri 180, minti 25, a tsakiya mu juya. Idan kazar Hausa ce, sai kin fara tafasa ta ta yi laushi, sannan ki ba ta minti 10 zuwa 12 a 200 ta yi ja. Kika sa ta ɗanya, haƙoran maigida ne za su ba ki labari.

Wannan jeren da na yi shi ya kawo mu maganar girma. Da lita ake auna su. Mai lita 2 zuwa 3 ta mutum ɗaya ce ko amarya da ango. Lita 4 zuwa 5 ta ishi mutum uku ko huɗu. Daga 6 zuwa sama ta gida mai yara ce. Amma kada lambar lita ta ruɗe ki, abin dubawa shi ne faɗin gindin kwandon. Tunda iska ce take dafawa, abin da ke kwance shimfiɗa ɗaya shi ke gasuwa da kyau, wanda aka tula a kai kuwa na sama ya ƙone na tsakiya ya yi laɓe-laɓe. Kwando mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye ɗaukar kaya ko da litarsu ɗaya. Ki zare kwandon a shago, ki shimfiɗa tafin hannunki a ciki, ki ƙiyasta cinya nawa za ta kwanta. Gidan mutum goma sha kuwa, ko suyar naman layya, ki bar wa babban kasko aikinsa. Kika ce da wannan za ki yi, har a gama yawon Sallah kina zagaye na bakwai.

Akwai mai maɓallin murɗawa, akwai mai allon taɓawa. Ni dai ta murɗawa na fi so, kayan cikinta ba su da yawa balle su yi ta lalacewa. Aibinta ɗaya, agogonta ba ruwansa da wuta. Ko an ɗauke, zai ci gaba da tafiya har ya buga ƙararrawa, ke kina ɗaki kina zaton kaza ta nuna. Ya taɓa faruwa da ni ranar da nake da baƙi, ban so tunawa.

Ga dankalin turawa nan, rabin kilo, na yanka shi kaurin ɗan yatsa. Na jiƙa shi a ruwan sanyi na rabin awa don sitacin bayansa ya fita, kun ga yadda ruwan ya yi fari. Yanzu na tsane shi, na goge sosai. Mai cokali ɗaya a roba, a cakuɗa har kowane yanki ya samu. Idan kaza ta fito zai shiga, minti 15 a 180, sai a ƙara 5 a 200, ana zaro kwandon ana girgizawa sau biyu ko uku. Masu cewa ba a sa mai ko ɗigo, su gwada dankali haka, abin da zai fito busasshe ne fari kamar kwali. Mai kaɗan ake so, ba babu ba. Kuma kada in yi muku ƙarya, ɗanɗanonsa bai zama ɗaya da wanda ya yi iyo a mai ba. Yana da daɗinsa, ba ya gundura, ba ya barin maiƙo a hannu.

Lokacin juyi ya yi. Kai, ku ji ƙamshi. Ku leƙa ƙasan kwandon, kun ga kitsen da ya tsiyaye? Duk daga jikin kazar ya fito. Da abin kama nama na roba mai jure zafi ko na katako nake juyawa, ban da cokali mai yatsu na ƙarfe, don kada in kankare baƙin rufin da ke hana kamu. Idan nama mai kitse ne sosai kika ga farin hayaƙi na fita ta baya, kitsen ne ke ƙonewa, ki zuba ruwa cokali biyu a ƙasan, ƙarƙashin kwandon.

Yanzu ƙosai. Amsa a'a ce. Duk wani ƙullu mai ruwa, ƙosai ne, fanke ne, 'yar tsala ce, zafin mai ne yake kama shi nan take ya ba shi siffa. A nan zai bi ramuka ya zube kafin ya ƙame. Awara kuwa, ai kamar don ita aka yi na'urar. Ki yanka, ki shafa mai, minti 12 zuwa 15 a 190, ga ta ja-ja. Samosa da sifirin rol suna yi idan kin shafa musu mai a baya. Doya ki ɗan tafasa tukuna. Kifi yana yi, ki shafa wa kwandon mai don kada fatar ta manne. Gyaɗa ma tana soyuwa a 160, ki riƙa girgizawa. Tsire yana yiwuwa, sai dai ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, ki rage zafi ki bar sauran yajin sai an sauke, kuma ƙamshin gawayin mai tukuba ba za ki same shi ba. Inda ta fi burge ni ma ɗumame ne. Soyayyar kazar jiya ko mit-fai, minti 4 ko 5, sai ka rantse yanzu aka yi.

Kafin kazar nan ta fito, ga wasu 'yan abubuwa. Sabuwa ce, ki wanke kwandon, ki kunna ta babu komai na minti 10 warin kamfani ya fita. Ki bar mata fili kamar tafin hannu tsakaninta da bango, ta nan zafi ke fita, kuma kada labule ko leda su kusance ta. Takardar gashi idan za ki shimfiɗa, sai da abinci a kanta ya danne. Kika sa ta ita kaɗai, fanka za ta ɗaga ta ta manna wa jan ƙarfen nan, wuta ta kama. Roba ba ta shiga ciki. Wanki kuwa, ki cire fulogi, ki bari ta huce, ki jiƙa kwandon da ruwan ɗumi da sabulu, soso mai laushi. Soson ƙarfe shi ne ajalin kwandon nan. Lokaci-lokaci ki kifa ta ki goge ƙarfen sama da ɗanyen tsumma, a nan maiƙo ke taruwa.

Yawwa, ta buga. Bari in soka wuƙa nan kusa da ƙashi, don ja a waje ba shi ne nuna ba. Kun gani, ruwan fari tas, babu jini. Mai ma'aunin zafin nama, digiri 75 za ki nema a tsakiyar tsokar. Ku saurari fatar nan. Auta, kawo faranti, ki kuma miƙo min dankalin nan mu zuba tun tana da zafi, kafin masu wuta su tuna da mu.