Darasi: Yadda Aka Ɓoye Mugun Shiri a Cikin Hoto

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau kan fulogin za mu tsaya, wato ƙananan manhajojin nan da ake maƙala wa burauza, irin su Java da Flash, da yadda aka taɓa shigo da ɓarna ta cikinsu da fayil mai kamar hoto.

To, ku dubi allon nan. Hoton GIF ne na buɗe da manhajar da ke nuna abin da ke cikin fayil. Kun ga farkonsa? GIF89a. Da wannan shaidar ake cewa eh, hoto ne. Manhajar hoto daga sama take fara karatu, tana kaiwa ƙarshen hoton sai ta tsaya, abin da ya biyo baya ba ruwanta. Shi kuwa fayil ɗin Java, wato JAR, asalinsa ZIP ne, irin fayil ɗin da ke dunƙule fayiloli wuri guda, ZIP kuma daga wutsiya ake fara karanta shi, domin can jerin kayan cikinsa yake.

Sai a liƙa biyun, hoto a gaba, shiri a baya. Shafin da ake ɗora hotuna ya duba kai ya karɓa, fulogin ɗin Java ya duba wutsiya ya kama aiki. GIFAR ke nan, wato GIF haɗe da JAR, wanda masu binciken tsaro suka nuna a taron tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas a 2008.

Nan ne wurin, ku saurara da kyau. A lokacin, Java tana ɗaukar shirin a matsayin ɗan gida a shafin da aka ajiye shi. Maharin zai ɗora "hoton" a shafin da kake da asusu, sannan ya janyo ka zuwa nasa shafin, ya kira fayil ɗin daga can. Idan ba ka fita daga asusunka ba, shirin na iya aika buƙata da sunanka, ya karanta amsa, kai ko dannawa ba ka yi ba. Kura da fatar akuya. Kamfanin Sun, mai Java a lokacin, ya toshe kafar a Disamban 2008.

Wani zai ce ai tsohon zance ne. Gaskiya Chrome ta daina karɓar irin fulogin ɗin Java a 2015, Flash ma an rufe babinsa a ƙarshen 2020. Amma a Satumban 2023 sai da Chrome da Firefox suka yi gyaran gaggawa saboda rauni a wajen karanta hotunan WebP. Don haka idan burauzarka ta nemi sabuntawa, kada ka ce sai gobe.

Masu gina shafi kuma, duk hoton da aka ɗora muku ku sake sarrafa shi ya fito sabo, abin da aka liƙa a wutsiya zai zube. Ku ajiye shi a wani adireshi dabam, yadda Google ke yi da googleusercontent.com. Ku kula da nau'in hoton SVG ma, yana iya ɗauke da JavaScript, wato shirin da burauza ke gudanarwa. Bari in nuna muku sake sarrafawar yanzu, ku matso kusa da allo.