Dashen haƙori da zomon Suwidin

Hadiza: Tun makon jiya saƙonnin masu sauraro ba su tsaya ba, kowa maganar dashen haƙori yake. Wani ma cewa ya yi ƙusa ake buga wa mutum a muƙamuƙi.

Sani: Bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai murɗawa ake kamar noti, ba bugawa ba. Ƙarfen taitaniyom ne, kuma zomo ne sila.

Bala: Zomo kuma?

Sani: Ƙwarai. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, ya sa ɗan ƙarfen a ƙashin ƙafar zomo yana nazarin gudun jini. Da ya zo cirewa sai ƙarfe ya ƙi fita, ƙashi ya riƙe shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko.

Bala: To shi zomon, an sallame shi?

Hadiza: Ai zomo ba ya fushi da makashinsa...

Bala: Sai da maratayinsa! Wannan kam da likitansa zai yi fushi. Ko lambar yabo babu.

Hadiza: Malam Bala, lauyan zomaye!

Sani: Ku bari in ƙarasa mana. Ni abin da ya fi burge ni shi ne likita ya daina lalube. Akwai wata jijiya da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa, in aka taɓa ta leɓe sai ya mutu, mutum ya daina jin sa. Hoton ƙashi irin na da, shafaffe ne, ba ya nuna kauri. Yanzu na'urar ɗaukar hoto ta CBCT tana zagaya kai, ta fito da ƙashin ta kowace fuska, a ga kaurinsa, a ga inda jijiyar ta bi. Ƙullun nan da ake cika wa mutum baki da shi don ɗaukar siffar haƙora ma, wata 'yar kyamara ta karɓe aikinsa. Sai a tsara komai a kwamfuta, a ƙera wani ɗan murfin roba mai huda wanda zai hau kan haƙora. Ta hudar nan kaɗai abin haƙa zai shiga, ba ya karkacewa.

Hadiza: Ni ƙarar ce ke tayar min da hankali.

Sani: Zafin ya fi ƙarar haɗari, Hadiza. Ƙashi in ya wuce digiri 47 na minti ɗaya, ya ƙone, ba zai kama ƙarfen ba. Shi ya sa ake ta feshin ruwan gishiri. Akwai ma wata na'ura da ke yanka ƙashi da karkarwa, ba ta cin nama. Bayan an dasa sai a jira wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙorin.

Bala: Shi zomon wata nawa ya jira?

Hadiza: Kai, Malam Bala! Lokaci ya ƙure fa, ga shi ba mu taɓa maganar masu shan taba da masu ciwon suga ba.

Sani: Da mutum-mutumin da ya yi wa wata mata dashe a Sin a 2017...

Hadiza: Sai mako mai zuwa, Malam Sani. Kashe makirfon.