Opera Ga Sabon Shiga: Ta Ina Za a Fara Da Donizetti?

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau Italiya muka nufa, wajen Gaetano Donizetti, mutumin da ya tsara opera kusan 70 tsakanin 1818 da 1843. Sabon shiga ba ya bukatar duka 70 ɗin nan. Guda uku sun ishe shi buɗe ƙofa, muddin ya gane tsarin da ake gina waƙoƙinsu a kai. Tsarin nan shi ne abin da za mu fi tsayawa a kansa.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa. 'Yan wasa suna kan dandamali, makaɗa suna zaune a wani rami a gabansu, kuma ba a amfani da makirufo: murya ce zalla take ratsa kiɗan ta kai kujerar ƙarshe. Aikin mutum biyu ne. Wani ya rubuta baitoci, wani ya ɗora musu kiɗa. Donizetti mai kiɗa ne, baitocin kuwa irin su Felice Romani da Salvadore Cammarano suke rubuta masa. Murya ma tana gaya maka waye waye. Soprano, mace mai siririyar murya, ita ce budurwa. Tenor, namiji mai murya can sama, shi ne saurayi. Bariton, namiji mai matsakaiciyar murya, galibi shi ne wa ko abokin hamayya a neman aure, bas mai kaurin murya kuma uba ne, ko malami, ko tsohon da za a yi wa dariya.

An haifi Donizetti a Bergamo, arewacin Italiya, ranar 29 ga Nuwamba 1797, a gidan talakawa. Wani malamin kiɗa Bajamushe, Simon Mayr, ya ɗauke shi a makarantarsa ta kyauta, daga baya ya tura shi Bologna ƙaro ilimi. Wansa Giuseppe ma makaɗi ne, shi ya tafi Istanbul a 1828 ya zama shugaban makaɗan sojan Sarkin Daular Usmaniyya, Mahmud na Biyu.

Me ya sa ya yi aiki da yawa haka? Kasuwa ce. A lokacin, masu gidajen opera sabon abu suke so kowace kaka, kuma babbar kakar tana buɗewa ne ranar 26 ga Disamba. A ba ka kwangila, a gaya maka mawaƙan da aka ɗauka, ka auna muryar kowa ka yanka masa waƙa daidai da shi, masu tace rubutu na sarki su duba labarin, sannan a fara gwaji. Duk cikin 'yan makonni. Ba wanda zai iya wannan gudun sai da ma'auni tsayayye a hannu, kuma ma'aunin nan kashi huɗu ne.

Da farko ɗan wasa yana rera magana kusan kamar hira, labari yana tafiya. Sai komai ya tsaya, ya shiga waƙa mai sanyi a hankali, yana faɗin abin da ke ransa: ana kiranta cantabile. Sai wani ya shigo da labari, ko a ji ƙararrawa, ko a kawo wasiƙa, al'amari ya juya. Daga nan sai waƙa mai sauri da zafi, cabaletta, wadda ake rerawa sau biyu, kuma a zagaye na biyu mawaƙi yana da damar ƙara nasa kwalliyar murya. Idan ka riƙe wannan, ko ba ka jin Italiyanci za ka san inda kake a cikin wasa.

[Kiɗa: farkon Lucia di Lammermoor, waƙar Enrico]

Ku saurari wannan. Enrico ya ji cewa ƙanwarsa tana ganawa da wani a ɓoye, yana rera baƙin cikinsa a hankali. Ga mafarauta sun shigo, sun ce sun ga mutumin, Edgardo ne, abokin gabar gidansu. Ku ji yadda kiɗan ya canza taku nan take. Rantsuwar ɗaukar fansa ke nan, ita ce cabaletta.

To, da wanne za a fara? Da L'elisir d'amore, Maganin Soyayya, wanda aka fara nunawa a Milan ranar 12 ga Mayu 1832. Kashi biyu ne, awa biyu da 'yan mintuna. Nemorino ɗan ƙauye ne marar ko sisi, yana son Adina mai gona da ilimi, ita kuwa ja masa rai take yi. Ga soja Belcore ya iso gari da taƙama yana neman aurenta. Sai ga Dulcamara da kekensa da mai busa masa ƙaho, irin mai tallan maganin nan na tasha da zai ce kwalba ɗaya tana warkar da ciwon haƙori da tsufa da rashin haihuwa. Nemorino ya ba shi duk kuɗin da ke aljihunsa ya sayi maganin soyayya. Giyar Bordeaux ce a cikin kwalbar. Dulcamara ya ce sai bayan kwana ɗaya zai yi aiki, domin a lokacin ya riga ya bar gari. Da abu ya ƙi, Nemorino ya sa hannu ya shiga soja don ya samu scudi 20, kuɗin wancan zamanin, ya sayi kwalba ta biyu. Ashe kawunsa ya rasu ya bar masa dukiya, 'yan matan gari sun ji shi bai ji ba, suka yi ta rububinsa, shi kuwa ya ɗauka magani ne ya kama.

A tsakiyar wannan barkwanci Donizetti ya ajiye waƙar da ta fi kowace tasa shahara, "Una furtiva lagrima". Nemorino ya hango hawaye ɗaya a idon Adina, ya gane tana sonsa. Minti biyar ba ta kai ba. Basun ne ya fara ta, wata doguwar sarewar katako mai murya ƙasa-ƙasa wadda aka fi ba aikin ban dariya, amma a nan ita ke kuka. Abin da ke ɓata waƙar nan a bakin wasu mawaƙa shi ne ƙarfi. Tenor da ya buɗe murya tun daga baitin farko ba shi da abin da zai ƙara idan ya kai inda Nemorino ke cewa tana sona. A hankali ake shigarta, da doguwar numfashi, jimla ɗaya ba a yanke ta biyu.

Na biyu, Lucia di Lammermoor, gidan San Carlo na Napoli, 26 ga Satumba 1835. An ɗauko labarin daga littafin Walter Scott, kuma a Sikotilan yake faruwa. Auren dole ne tsantsa. Arzikin Enrico ya karye, yana so ƙanwarsa Lucia ta auri Arturo mai faɗa a ji don ya tsira. Ya nuna mata wasiƙar jabu cewa Edgardo ya yi wata. Tana gama sa hannu a takardar aure, sai ga Edgardo a bakin ƙofa.

A nan ne mutum shida suke rera waƙa lokaci guda, kowa da abin da yake faɗa. Sabon shiga yakan rikice domin yana ƙoƙarin jin kowa. Ba haka ake yi ba. Karon farko, bi Edgardo da Enrico, su ne suka fara. Karo na biyu, jira shigowar Lucia ka bi ta ita kaɗai tana hawa sama da kowa. Karo na uku sai ka saki kunne, za ka ji yadda aka saƙa su.

Daren aure Lucia ta kashe ango, ta fito cikin baƙi da rigar da ta jiƙe da jini, hankalinta ya gushe, tana ganin kamar Edgardo take aura. Wannan sashen ya haura minti 15, kuma ita kaɗai ke ɗauke da shi. Ku lura da sarewa: tana maido da waƙar soyayyar da suka rera tare a kashi na farko, amma guntu-guntu, kamar yadda tunaninta ya wargaje. Asali Donizetti ya rubuta wannan wa wani kayan kiɗa na kwanonin gilashi da ake juyawa ana shafa bakinsu da jiƙaƙƙen yatsa, kafin a fara nunawa aka mayar da shi sarewa. Wasu gidajen opera na yau sun dawo da gilashin, kuma sautinsa ya fi tayar da tsigar jiki. Doguwar gasar nan ta murya da sarewa da ake yawan ji a ƙarshen waƙar ba tasa ba ce, mawaƙa ne suka ƙara ta bayan ya rasu da shekaru.

Kada ku kashe bidiyo a nan, ko da yake a da akwai gidajen da ke rufe labule da zarar Lucia ta faɗi. Sashe na ƙarshe na Edgardo ne a maƙabartar kakanninsa, kuma nan ne za ku ga Donizetti ya lanƙwasa ma'aunin nan nasa. Waƙa mai sanyi ta wuce. An buga ƙararrawa, an ce Lucia ta cika. Bisa ƙa'ida waƙa mai zafi ce za ta biyo, a rera ta sau biyu. Edgardo ya rera zagaye na farko a sanyaye, ya daɓa wa kansa wuƙa. A zagaye na biyu ba shi da numfashi, sai cello, babban goge mai kaurin murya, ya ɗauki waƙar, shi yana tsinto kalma ɗaya-ɗaya yana sakawa. Masu cewa Donizetti ɗan kwangila ne kawai, nan ya kamata a kai su.

[Kiɗa: zagaye na biyu na waƙar Edgardo]

Na uku, Don Pasquale, Faris, 3 ga Janairu 1843. Tsoho ne attajiri, gwauro, ya ce zai yi aure don ya hana ɗan ɗan'uwansa Ernesto gado. Likitansa Malatesta ya haɗa baki da Norina, budurwar Ernesto, aka kawo ta a matsayin salihar yarinya mai kunya, aka ɗaura auren bogi. Tawada ba ta bushe ba ta rikiɗe: ta ninka albashin masu aikin gida, ta yi odar kaya da dawakai, gida ya cika da takardun bashi. A kashi na uku ya tare ƙofa ya ce ba za ta fita ba, ta kwaɗa masa mari. Ku saurari abin da kiɗa ya yi bayan marin. Dariya ta tsaya cak, tsoho yana cewa tasa ta ƙare, ita kanta Norina tausayinsa ya kama ta. Idan ɗan wasa ya mayar da Pasquale wawa tun daga farko, marin ba ya taɓa kowa, wasan ya zube. Akwai kuma waƙar Pasquale da Malatesta, inda maza biyu ke zuba kalmomi da gudun tsiya. Abin dubawa a nan shi ne ko ana jin kowane harafi. Mai jagorar makaɗa da ya yi gaggawa fiye da harshen mawaƙa, sai abin ya koma gunaguni.

Ga yadda za a kalli kowanne. A karanta taƙaitaccen labarin tukuna, minti biyar ya isa, domin ba a ɓoye ƙarshen labari a opera, yadda aka rera shi ake zuwa ji. A nemi bidiyo mai fassarar rubutu a ƙasa, kada a fara da sauti kaɗai. A kalli kashi ɗaya a zama ɗaya, a huta. Lasifikar waya tana cinye muryar bas da ta cello, don haka abin saƙalawa a kunne ya fi. Sannan a sani cewa tsofaffin faya-fayai na shekarun 1950 an datse su sosai: sukan cire zagaye na biyu na cabaletta, a Lucia kuma sukan cire ganawar Enrico da Edgardo cikin hadari gaba ɗaya. Idan labarin ya yi tsalle, sau da yawa datsewar ce.

Wanda ya gama ukun nan yana iya wucewa La fille du régiment, ta Faransanci, Faris 1840, labarin yarinyar da rundunar soja ta raina. Ita tana da maganar baki tsakanin waƙoƙi. A cikinta ne tenor ke buga sautin C na can sama sau takwas a jere, bisa al'ada ya ƙara na tara. Waƙar da ta ɗaga sunan tenor Luciano Pavarotti ke nan a New York a 1972. A 2019 'yar Afirka ta Kudu, Pretty Yende, ta fito a matsayin yarinyar a gidan Metropolitan na New York ɗin, har tana jefa Zulanci a cikin maganganunta.

Bayan ita sai opera uku a kan sarauniyoyin Ingila da Sikotilan: Anna Bolena ta 1830, wadda ta fara fitar da sunansa wajen Italiya, Maria Stuarda, da Roberto Devereux ta 1837, wadda sarauniyar cikinta Elizabeth ta Ɗaya ce. Sun fi nauyi, kuma sun daɗe a kwance kafin soprano Maria Callas ta tayar da Anna Bolena a gidan La Scala na Milan a 1957. Maria Stuarda tana da wurin da sarauniya ɗaya ta kira ɗaya shegiya a gaban jama'a. Sarkin Napoli ya hana nuna wasan a 1834, sai Disamba 1835 aka yi shi a Milan. Haka aka hana Poliuto a 1838 saboda labarin shahada ne na addini, abin da ya ƙara tura Donizetti Faris, shekara guda bayan rasuwar matarsa Virginia. Daga can ya samu muƙamin shugaban makaɗan fadar Viyana a 1842. Ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, aka kwantar da shi a Ivry kusa da Faris a 1846, aka mayar da shi Bergamo, ya rasu ranar 8 ga Afrilu 1848 yana da shekara 50.

Opera ta ƙarshe da ya kammala ita ce Dom Sébastien, Nuwamba 1843, a kan Sarkin Fotugal da ya kai yaƙi Maroko a 1578 aka murƙushe rundunarsa. Kashi biyar ce, doguwa ce, kuma ba kasafai ake nuna ta ba, don haka a bar ta sai kunne ya saba. A shiri na gaba za mu ɗauki waƙar mutum shidan nan ta Lucia, mu raba muryoyin ɗaya bayan ɗaya.