Me Ya Sa Fuskar Kirinjijiya Take Ƙonewa A Hoto?

[Asuba a gaɓar Kogin Kaduna. Hazo ya kwanta a kan ruwa. Ana jin fito sau uku.]

Kun ji wannan fiton? Kirinjijiya ce. Agwagwar daji mai farar fuska da baƙar ƙeya, ƙirjinta launin jan ƙasa. Mace da namiji kamarsu ɗaya, kada ku wahalar da kanku wajen bambancewa.

Tun da hunturu ya shigo ake ta turo mini hotunanta, kuma duk ciwo ɗaya ne. Ruwa ya fito, jiki ya fito, amma fuskar kamar an shafa mata alli, fari fat, ko zanen gashi ɗaya ba a gani. Sai tambaya ta biyo baya: wace kyamara zan saya? Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Bari mu yi sauri da abin da kowa ya sani. A iso kafin rana ta fito. A bar farin yadin Juma'a a gida, a sa kaya masu launin ƙasa. A yi wa masunta da masu noman rani sallama, su suka san inda garken yake kwana, ko a nan gaɓar kogi, ko a madatsar Kangimi, ko ta Kubanni a Zariya. Rana ta kasance a bayanka. Ka sauko ƙasa har idonka ya yi daidai da na tsuntsun.

[Mai ɗaukar hoto kwance rub da ciki a kan yashi.]

Kafin ka kwanta dai ka duba gefenka da kyau. Ka tuna daga inda sunan garin nan ya samo asali.

To, ga inda ake faɗuwa.

A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma wannan ma'aunin bai san agwagwa ba. Abu ɗaya aka koya masa: duk abin da ya gani, ya tara shi wuri guda ya mayar da shi tsaka-tsaki, wato toka-toka, launin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Ku gwada a gida. Ku cika fuskar kyamara da farar shadda ku ɗauka, sannan ku cika ta da baƙar abaya ku ɗauka.

[Hotuna biyu gefe da gefe, duka toka-toka.]

Kun gani? Shaddar ta yi dauɗa, abayar ta koɗe. Kyamara ta rage wa fari, ta ƙara wa baƙi, ta haɗa su a tsakiya.

Yanzu mu koma bakin ruwa. Dubi wannan hoton. Kirinjijiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na fili ba. Sauran duka ruwa ne, kuma inuwar bishiyoyin tsallake ta sa ya yi duhu. Ma'aunin ya ga duhu ya yi yawa, sai ya buɗe wa haske ƙofa. Ruwan ya yi kyau. Fuskar nan, wadda dama rana ke dukanta kai tsaye, ita ta biya bashin.

Mai kyamara kuma idonsa ya gaya masa wurin da duhu, sai ya ƙara haske a kan wanda aka riga aka ƙara. Nan ne kan maganar. Idan bayan tsuntsun duhu ne, ragewa ake yi. Na san kunne ba ya son jin haka. Ragewa ake yi.

[Yatsa a kan madannin da ke da alamar +/-.]

Ga madannin nan mai alamar ƙari da ragi. Ka sa kyamara a Av idan Canon ce, ko A idan Nikon ce ko Sony, wato tsarin da kai kake zaɓar faɗin ƙofar haske, ita kuma ta zaɓi sauran, ka danna shi ka juya zuwa -0.7. Ɗauki ɗaya. Bai isa ba? Kai shi -1. Ruwan zai ƙara duhu, bar shi, ba shi muka zo ɗauka ba. Dubi fuskar yanzu. Ga layin gashi, ga inda farin ya haɗu da baƙin ƙeya, har da ɗan laka a gindin baki.

Sai kuma juyinsa, wanda hunturun Kaduna ya fi kawowa. Ƙarfe takwas ta wuce, ƙura ta rufe sama, ruwa ya zama kamar farantin silba. Yanzu ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, sai ya tsuke. Agwagwa ta koma inuwa, baƙa ƙirin. A nan ƙarawa ake yi, +1, wani lokaci har +2 idan tana sama a cikin farin hazo. Wuri ɗaya, tsuntsu ɗaya, tsakanin awa biyu lissafi ya juye.

Masu waya, ba a bar ku a baya ba. Taɓa kan tsuntsun a allo, alamar rana za ta fito, ja ta ƙasa ko sama. Aikin ɗaya ne.

Kada ka yarda da allon bayan kyamara. Da asuba yana nuna komai da haske, da hantsi yana nuna komai da duhu. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. Idan fuska tana ƙyaftawa, rage. Ko ka duba jadawalin haske, zanen nan mai kama da tudu da ke nuna duhu a hagu, haske a dama: idan tudun ya manne da bangon dama, wani abu ya tafi. Wasu za su ce ai RAW suke ɗauka, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, kwamfuta za ta gyara. Tana iya ɗago abin da ke cikin inuwa, gaskiya ne, har ta ɗan ceto farin da bai gama ƙonewa ba. Amma wanda ya ƙone ƙurmus, ƙanzo ne, ba ya komawa tuwo.

Ni kam, idan hasken safiya ya tsaya cak, M nake komawa, wato saitin hannu, in kulle komai har da ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, a kan fuskar. Daga nan ko ta yi iyo daga inuwa zuwa fili, lissafina bai motsa ba. Ra'ayina ne, akwai waɗanda suka fi ni da ba sa yin haka.

[Teburin mai shayi. Kyamarori a kan benci, ana miƙa wa juna.]

Ni ma ba da kaina na gano ba. Wani dattijo ne cikin masu ɗaukar tsuntsaye, wanda ya fara tun zamanin fim, na miƙa masa hoton da nake taƙama da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ruwa ka je ɗauka ko agwagwa?" Na ce, "Baba, agwagwa." Ya ce to ruwan ne ya fito. Shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Idan za ka nemi gyara wurin 'yan'uwa, kai hoto ɗaya ko biyu, ba arba'in ba. Kai shi yadda ya fito daga kyamara, ka faɗi lokaci da lambobin da ka sa, ka yi tambaya guda. In ba haka ba "Masha Allah" kawai za ka tara, kuma da ita ba a gyara hoto. Abin da suka faɗa kan haske da kaifin ido, karɓa. Maganar a yanke nan ko a bar can, wannan ɗanɗano ne, mutum uku ra'ayi huɗu.

Za su kuma gyara maka suna. Ba duk mai iyo ne kirinjijiya ba. Akwai dinya, ƙatuwa, ba ta ɓoyuwa. Akwai baƙin agwagi da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, waɗanda suka fi taruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Kuma idan fuskar ta yi ja-ja saboda laka, kada ka wanke ta a kwamfuta, za su gane. Hoto mai kwanan wata da wuri yana da amfani ga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. Jifa don su tashi kuwa, duk wanda ya yi, ba ya cikinmu.

[Garken ya fara miƙa wuya, ana ta fito.]

Ga su nan sun fara shiri. Agwagwa iska take fuskanta idan za ta tashi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take, ɓangaren gabas dai, kamar ranar da ke bayanmu. Ke nan ta wajenmu za su biyo. Saurin ɗauka 1/2000 na daƙiƙa. Sama fari ne, don haka na koma +1. A yi shiru.