Sharhi: Kwamared da Ayarin Motoci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau zai leƙa jami'o'inmu ne, wajen zaɓen shugabannin ƙungiyar ɗalibai.

Duk wanda ya shiga harabar jami'a a makon zaɓe ya san abin da ido ke gani. Fosta a jikin bishiya, fosta a bangon ɗakin karatu, har ƙofar banɗaki ba a ƙyale ba. Yaro ɗan aji uku, wanda jiya-jiyan nan yake neman rancen kuɗin kwafin takardu, yau ga shi cikin babbar riga da hula zanna, motoci huɗu na biye da shi, ana danna ham, wasu na kiransa Kwamared, wasu na cewa Mai Girma. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin hukumar makaranta ta tambaya, mahaifinsa ne ya kamata ya fara tambaya: wa ya zuba wa motocin nan mai?

Ƙungiyar ɗalibai a Najeriya tana da tarihi mai nauyi. A watan Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira 1 da kobo 50 zuwa naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba. Aka yi boren da har yau ake kira Ali Must Go, da sunan kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyar, sai a 1980 sabuwar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ta maye gurbinta. A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, a rikicin da ya faro daga jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Abu biyu ke cikin wannan tarihi. Na farko, mutanen can a kan abincin ɗalibi suka tsaya, abin da kowa ke iya gani a faranti. Na biyu, idan magana ta bar tebur ta koma titi, 'ya'yan talakawa ake ɗaukowa a makara, a rufe makaranta, a kora kowa gida.

Saboda haka ba ma tare da masu cewa a rushe ƙungiyar kowa ya huta. Ba ma kuma tare da masu ganin shugaban ɗalibai bai cika shugaba ba sai ya zagi malaminsa a lasifika. Gida idan rufinsa na yoyo, gyara ake yi.

Tsarin zaɓen kansa ba shi da aibu a takarda. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ke kafa kwamitin zaɓe, a ɗage takunkumin kamfe, a sayar da fom. Daga nan sai tantancewa: a duba sakamakon jarrabawar ɗan takara, a tabbatar ba a taɓa kama shi da satar amsa ba, ba shi kuma da hannu a ƙungiyar asiri. Sai daren gabatar da manufofi, inda kowa zai hau dandamali ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ƙuri'a. Kujerun su ne shugaba da mataimaki, babban sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a, daraktan walwala, na wasanni da na shagulgula. A gefe guda akwai majalisar wakilai, wadda ake zaɓo 'ya'yanta daga tsangayoyi da ɗakunan kwana, tana da kakakinta, kuma ita ce ke amincewa da kasafin kuɗi. Ƙaramar gwamnati ce sak. Matsalar kuwa daga nan take, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: abin da yaran suka ga manya na yi a jam'iyya, shi suke kwafowa har da waƙafi.

A fara da kuɗin kamfe. Fom, fosta, riguna masu hoto, hayar motoci, makaɗa, shinkafar 'yan kwamiti, katin waya na sojojin baka da ke yaƙi a Facebook da WhatsApp, duk wannan ya fi ƙarfin aljihun ɗalibin da ake aiko wa kuɗin garin kwaki daga gida. Wanda ke biya galibi ɗan siyasa ne na waje da ke neman matasa a hannu kafin babban zaɓe, ko ɗan kwangilar da idonsa ke kan shagunan ƙungiya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Askin shi ne a kwashi ɗalibai a bas a kai su taron jam'iyya ranar da suke da lakca, ko a shirya wa ubangidan lambar yabo ta gwarzon matasa, a kai masa har falo, a dawo da ambulan. Maganin wannan ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Kwamitin zaɓe ya ƙayyade iyakar abin da ɗan takara zai kashe, ya ware allo guda a kowace tsangaya inda za a liƙa fosta, ya hana ayarin motoci da kiɗa a harabar makaranta, ya taƙaita kamfe zuwa mako ɗaya. Wanda aka samu da baƙin fuska a tawagarsa, waɗanda ba su da katin shaidar ɗalibi, a soke takararsa nan take, domin ta wannan ƙofa 'yan jagaliya ke shigowa.

Sai ranar ƙuri'a. Inda ake amfani da takarda, maguɗin ba a layi ake yinsa ba, a hanya ne, tsakanin rumfar zaɓe da ɗakin tattara sakamako, musamman idan magariba ta yi aka ɗauke wuta. Ƙa'ida ita ce a ƙirga a wurin da aka jefa, a gaban ejan na kowane ɗan takara, kowa ya sa hannu a takardar sakamako, a liƙa kwafi a bango kafin akwati ya motsa. Rajistar masu zaɓe kuma a kafe ta mako guda kafin ranar, don wanda ya kammala ko aka kora kada sunansa ya yi zaɓe a bayansa.

Makarantun da suka koma zaɓe ta intanet sun ɗauka sun rabu da rigima, ashe sabuwar ɓaraka suka buɗe. Ɗalibi yana shiga ne da lambar rajistarsa da lambar sirri. Sai 'yan kamfe su bi ɗaki-ɗaki suna karɓar lambobin nan a madadin katin waya ko kwanon taliya, da daddare mutum ɗaya ya zauna da kwamfuta ya jefa ƙuri'ar mutum hamsin. Na'ura ba ta san fuska ba. Ko dai a riƙa tura lambar amfani sau ɗaya zuwa wayar da ɗalibi ya yi rajista da ita, ko kuma, abin da ya fi, a yi zaɓen a cibiyar kwamfuta ta makaranta, kowa ya zo da ƙafarsa da katinsa.

Akwai wata cuta da ba a son faɗa. Kafin a kai ga akwati, an riga an gama rabon kujeru tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi: ku ba mu shugaba, mu ba ku sakatare. Wani lokaci har ana son jawo ƙungiyoyin addini ciki. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN tun 1954 take, ta girmi yawancin jami'o'in ƙasar nan, kuma darajarta da ta takwarorinta na Kirista tana cikin tarbiyya da karatu. Ranar da aka mayar da harabar masallaci ko majami'a rumfar kamfe, wanda ya faɗi zaɓe ba zai ce manufarsa aka ƙi ba, cewa zai yi addininsa aka ƙi. Mun san inda irin wannan magana ke kai gari a Arewa.

To, an ci zaɓe, an rantsar. Nan ne aikin yake, nan ne kuma ido ke ɗaukewa. A ɗauka, a misali, jami'a tana da ɗalibai 30,000, kowanne ya biya naira 1,000 kuɗin ƙungiya lokacin rajista. Naira miliyan 30 ke nan a hannun yaran da mafi yawansu ba su taɓa riƙe asusun da ya wuce na kuɗin makarantarsu ba, ban da hayar shaguna da kuɗin motocin ƙungiya. Yadda kuɗin ke zirarewa sananne ne: a cire su tsaba, a kawo rasit daga shagon aboki, a kai wa majalisa kasafi bayan an riga an kashe, a rufe bakin 'yan majalisar da alawus na zama. Sannan shugaba ya naɗa mataimaka na musamman har ya rasa sunan da zai ba wasu, kowanne da katinsa da hularsa. Kaso mafi tsoka ya tafi makon shagali, a ɗauko mawaƙi, a raba dare ana rawa maza da mata a cakuɗe, alhali famfon ɗakin kwanan mata ya yi wata biyu ba ya kawo ruwa, 'yan mata na fita da bokiti bayan isha'i. Wannan ba wayewa ba ce, kuma iyayen da suka sayar da tunkiya suka biya rajista ba don haka suka biya ba.

Gyaran shi ne asusun ƙungiya ya zama mai sa hannun mutum uku: shugaba, ma'aji, da malamin da ke ba ƙungiya shawara. A hana cire tsabar kuɗi sai ɗan abin kashewa na yau da kullum, sauran duk ta banki, don sawu ya fito. Kada a taɓa ko kobo sai majalisa ta amince da kasafi a zaman da kowane ɗalibi zai iya shiga ya saurara. Duk ƙarshen zangon karatu a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa. A rubuta a kundin tsarin ƙungiya cewa rabin kuɗin na walwala ne: gyaran bohol, fitilun hanya, motar kai mara lafiya asibiti da dare, tallafin wanda rajista ta gagare shi. Tun da asusun lamunin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024, teburi ɗaya da kwamfuta biyu a ofishin ƙungiya don taimaka wa ɗalibai cike fom ya fi kowane daren kiɗa amfani.

Hukumomin jami'a su ma suna da nasu. Da an ɗan yi hayaniya sai a dakatar da ƙungiya, a naɗa kwamitin riƙo na 'yan amshin shata, a bar shi shekara da shekaru. Ɗaliban da ba su da wakilin da suka zaɓa ba sa daina ƙorafi, sai dai su rasa wanda zai kai shi ofis cikin ladabi, ranar da abin ya fashe kuma babu wanda za a kira a ce ya ja kunnen jama'arsa. Kwamitin riƙo kada ya wuce wata uku. Haka nan wa'adi: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma irin wannan hutun dole kan bar shugabanni a kujera fiye da lokacinsu. Kundin ƙungiya ya fayyace ko da kalanda ake ƙirga wa'adi ko da shekarar karatu.

Maganar maki kuwa, a ma'aunin 5.00 da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, bai kamata mai ƙasa da 3.00 ko mai jan kwas a baya ya nemi kujera ba. Shugabanci yana cin lakca, kuma makarantu da yawa ba sa barin wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 cikin ɗari ba ya zauna jarrabawa. Mai rauni tun farko, idan aka ɗora masa taro da tafiye-tafiye, sa'o'insa za su tafi bautar ƙasa su bar shi yana maimaita aji da sunan Kwamared.

Dalilin da ya sa muka tsawaita a kan zaɓen yara shi ne ba su daɗe suna yara. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, wato shekara biyu ko uku bayan ya bar ofishin ƙungiya. Don haka a ƙara sharaɗi ɗaya a takardar sallama: shugaba, ma'aji da sakataren kuɗi ba za su karɓi shaidar kammala karatu ba sai mai binciken kuɗi na jami'a ya duba littafinsu, rasit bayan rasit, ya sa hannu.

A nan za mu dakata. Mu kwana lafiya.